Saniyar Gwamna a Wangsa Maju

Ɗakin da na kama tun ina gida, wanda dillali ya turo mini hotonsa har da labule da taga mai kallon gari, da na isa unguwar Sentul a Malesiya sai na tarar falo ne aka yayyanka da falanki. Nawa yankin ko taga babu. In na miƙe ƙafa sai ta bugi bangon maƙwabcina ɗan Bangaladesh, shi kuma ya amsa mini da yarensu. Na kira dillalin, ɗan ƙasarmu ne kuwa, ya ce ai hoton na ɗakin ne kafin a yi masa gyara. Na sake kira, waya a kashe. Har yau ban ƙara jin muryarsa ba, kuma ban ce na yafe ba.

Da gari ya waye na saɓi jakata na hau jirgin ƙasa na cikin gari, ban ma san inda na nufa ba. Na kira yayana a waya na shiga surfa wa dillalin nan zagi da Hausa, tunda a ganina daga ni sai Allah ke jin abin da nake faɗa a cikin 'yan Malesiya. Na kai kan kakansa ke nan sai wani dogon mutum da ke zaune a gabana ya ce, "Malam, sassauta. Akwai masu jin Hausa a jirgin nan, kuma kakan ba shi ya karɓi kuɗinka ba."

Kunya ta kama ni, farin ciki kuma ya fi kunyar yawa. Sunansa Ishaya, digiri na uku yake yi a kan injiniyancin ruwa. Da muka bi salsala sai ga shi jiharmu ɗaya, shi daga kudancinta, ni daga arewa, kuma gwamnatin jihar ce ta turo mu karatu mu duka biyun. Bai tambaye ni komai ba bayan wannan. Ya sauke ni a unguwarsu, Wangsa Maju, ya kai ni mamak, wato shagon abincin Indiyawan nan Musulmi, ya sa aka kawo mini gurasarsu da suke ce wa roti da shayi mai kumfa, ya zauna yana kallona har na share farantin. Sannan ya ce abokin zamansa ya gama karatu ya tafi, akwai ɗaki.

Muna shiga gidan na ga Littafi Mai Tsarki a kan tebur, na gane Kirista ne. Shi kuma ya lura na gani. Ya ja ni ɗakin, ya nuna mini wata koriyar kibiya manne a silin.

"Ga alƙiblarka nan, Ustaz. Mai gida ne ya manna ta. Sabuwa ce fil, ban taɓa amfani da ita ba."

Tun daga ranar nake Ustaz a bakinsa, ni da ko izu biyar ban haɗa ba. Ni kuma nake ce masa Yaya, don ya girme ni nesa ba kusa ba, yana da mata da 'ya'ya a gida.

Ban gama sanin hanyar jami'a ba korona ta sauka, aka kulle gari. Karatu ya koma cikin waya, titi ya koma na 'yan sanda da masu kai saƙon abinci a babur. Muka zama mu biyu a hawa na sama, tukunya ɗaya, firji ɗaya, kowa ya haddace labaran ɗan'uwansa har yana gyara masa in ya yi kuskure. Ranar da kukar da na zo da ita daga gida ta ƙare, na zazzage ledar a tukunya na ji hawaye ya zo mini, don hannun mahaifiyata ne ya daka ta. Yaya Ishaya ya yi kamar bai gani ba, ya buɗe akwatinsa ya fito da wata daddawa da ya ɓoye tun bara. A wannan ranar na tabbatar mutumin nan yana ƙaunata.

Ni mutum ne mai nauyin barci, wanda agogo ke bugawa har ya gaji ya yi shiru. Shi kuwa Yaya da asuba yake tashi ya yi karatunsa da addu'arsa. Sai ya ɗauki nauyin tashina. Kullum zai daki ƙofata da tafin hannu, ya ce, "Ustaz, an kira." Da azumi ya zo shi yake ɗumama mini sahur, ya ce ba zai zauna gida ɗaya da mai yunwa da faɗa ba, gara mai faɗa kawai.

Akwai ƙungiyar matasan Musulmi ɗaliban jiharmu, na shiga tun farkon zuwana. Ƙungiya ce mai amfani: karatun Alƙur'ani duk mako, zuwa suna, zuwa ta'aziyya, da neman wanda ya ɓace a sa ido a kansa. Amir ɗinmu, wato shugaban, Malam Sabi'u ne, yana zaune a Pantai Dalam da iyalinsa, mutum mai ilimi da gaskiya da taurin kai daidai gwargwado. Ni kuma saboda bakina ba ya rufuwa aka ba ni kula da walwalar 'yan ƙungiya. Walwalar ce dai babu. A shekara ta biyu ta kulle alawus ɗinmu ya maƙale a gida, nama ya zama abin da ake gani a hoto. Ƙwai da kifin gwangwani muka ci har muka fara kama da su.

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah aka kira mu taron gaggawa ta bidiyo. Sai ga wani Honorabul daga gida, mai ba gwamna shawara kan harkar matasa, hula ta cika allon waya. Ya ce Mai Girma Gwamna ya tuna da 'ya'yan jiha da ke Malesiya, ya saya musu saniyar Sallah, kuma ta hannun ƙungiyarmu za ta bi tunda mu ya sani. Kabbara ta kaure, har wani ya manta yana cikin singileti ya miƙe tsaye. Bayan Honorabul ya sauka, Malam Sabi'u ya ce za a yanka a mayanka saboda dokar kulle, a raba wa 'yan ƙungiya, ni zan bi gida gida in kai.

Na fito falo ina rawa. Babur ɗaya ne na sani a duniyar nan, kuma na Yaya Ishaya ne.

"Yaya, gwamna ya saya mana saniya! Kai za ka ɗauke ni mu yi rabo."

"Madalla," in ji shi. "Ashe yana tunawa da mu. Su Rifkatu ma sun ji?" Rifkatu wata ɗalibar jinya ce 'yar jiharmu, 'yar cocinsu.

Rawata ta ɗan lafa. Na ce ai ta ƙungiya ce, 'yan ƙungiya za a ba. Sai na yi sauri na ƙara da cewa kada ya damu, nawa rabon ai namu ne, hantar ma gaba ɗaya na bar masa.

Ya ajiye cokalin da ke hannunsa. "Ustaz, saniyar nan da kuɗin masallaci aka saye ta?"

"A'a."

"Ku kuka yi karo-karo?"

"Na ce maka gwamna ne."

"Daga aljihunsa?"

Ni da shi mun san aljihun da gwamna ke sa hannu.

Ya ce, "Ka ga, tun ina yaro nake cin naman Sallah. Tukunyar mamata cika take yi da na maƙwabta, mu ma da Kirsimeti mu aika musu shinkafa da kaza. In layyarka ce, ko ƙashi ka miƙo mini zan karɓa da hannu biyu in gode. Amma wannan ta jiha ce. Ba za ka ba ni abina kyauta ba, sannan in ce na gode."

Nan fa zuciya ta ɗebe ni, don ni ba a barina da magana a baki. Na ce da gwamna zai saya wa cocinsu akuyar Kirsimeti, ni ba zan je in tsaya a layi ba.

"Ya kamata ka tsaya," in ji shi. "Akuyar ma da kuɗinka a ciki. Kuma gwamnan nan ni na bi layi a rana na zaɓe shi. Kai da bakinka ka ce mini barci ka yi ranar zaɓe."

Na ce ya mayar da abin nama siyasa. Ya ce ba shi ya mayar ba, a haka ya zo. Ya ce babur yana nan, zai kai ni duk inda za ni tunda ya yi alkawari, amma kada in sa masa ko tsoka ɗaya a faranti. Ya shige ɗakinsa.

Washegari hasken rana ne ya tashe ni. Na duba waya, asuba ta wuce tun tuni, ba wanda ya daki ƙofata. Kwana na biyu ma haka. Muna gaisawa, muna dafa abinci a tukunyarmu, amma kowa ya ɗebi nasa ya shige ɗaki. Ya daina ce mini Ustaz, ya koma Malam Nasiru, sunan da ko a jami'a ba na son ji. Wallahi abin ya dame ni fiye da rashin alawus. Mutumin da ya tsince ni a jirgi ba ni da wurin kwana, ga shi zan rasa shi a kan saniyar da ko ganinta ban yi ba. Da farko haushinsa nake ji. Daga baya na zauna na hango kaina a bayan baburinsa, rungume da naman jiharsa, yana kai ni ƙofa ƙofa yana jira a waje kamar ɗan acaɓa. Sai haushin ya koma kan wanda ya tsara abin.

Na matsa aka sake kiran taro. Na faɗi abin da ke raina, na faɗa da ƙarfi kuma. Malam Sabi'u ya saurara, sannan ya ce ba wanda ke ƙin su Ishaya, amma Honorabul ƙungiya ya damƙa wa amana, ƙungiya kuma ta Musulmi ce, naman Sallah kuwa ibada ne. Wani ya ce in aka buɗe wannan ƙofar, gobe za a ce a ba su kujera a wurin karatu. Na ce Yaya Ishaya bai nemi ya ja mu sallah ba, nama ya ce. Wani kuma ya ce, "Nasiru, cool down lah, kwantar da hankalinka, kowa daga nasa ya ɗan cire musu, shi ke nan." Na ce ai abin da ya ƙi ke nan. Na ɗaga murya har Amir ya rufe mini makirfo, na ci gaba da magana ni kaɗai kamar kifi a ruwa.

Nasa makirfon ne ya manta a buɗe. Sai muka ji muryar matarsa, Maman Hanif, daga bayansa, da ƙarar wanke-wanke. Ita ma digiri na uku take yi a fannin shari'a, kuma gidansu gidan fawa ne kaka da kakanni.

"Abban Hanif, wai tsaya. Saniyar nan layya ce ko watanda?"

"Ana taro, Rabi."

"Ai ba ji suke ba. Saniya mutum nawa take ɗauka a layya?"

"Bakwai."

"To ku da kuka cika allo kamar kasuwa, su waye bakwai ɗin? Da gwamnan a ciki ko ban da shi?"

Duk fuskokin da ke allon suka tsaya cak, kowa ya ƙi motsi don kada ta gane.

"Watanda ce," in ji ta. "Kuma a gidanmu in aka yi watanda ba a tambayar mutum inda yake sallah. Duk wanda kuɗinsa ke ciki yana da tsibinsa. Kuɗin jiha kuwa har mai sayar da doya a garin su Ishaya da nata a ciki. In layya kake so, ka sayi akuyarka."

Wani ya kasa riƙewa ya fashe da dariya. Muka ji ta ce, "Innalillahi! A buɗe yake?" sai ƙarar faɗuwar murfin tukunya.

Abin da ya sa nake girmama Malam Sabi'u har gobe shi ne abin da ya yi bayan nan. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "To, kun ji fatawa daga kicin, kuma ba ni da abin da zan ce a kanta. Layya ba ta yiwu a haka, ni ne ban tsaya na duba ba." Ya ce ƙungiya tana nan a matsayinta ta Musulmi, karatunta da addu'arta ba mai taɓa su. Amma saniya ba ta ƙungiya ba ce, ta 'yan jiha ce, kuma daga yau duk abin da gwamnati za ta aiko, a ce mata ta aiko da sunan ɗaliban jiha. Ya ce shi zai kira Honorabul ya yi masa bayani. Daga baya muka ji Honorabul ya ce shi dai a turo masa hoto.

Na fito na sami Yaya a baranda yana shanya. Na ce, "An ce ka zo rabo jibi."

Bai juyo ba. "Kyauta ko rabo?"

"Rabo. Kai da su Rifkatu da kowa."

Ya gama matse rigar da ke hannunsa, ya shanya ta, ya ce to a duba iskar tayar baya.

Washegarin Sallah aka kawo naman daga mayanka cikin akwatunan ƙanƙara. Saboda doka mutum kaɗan ne muka hallara a barandar gidan Amir, kowa da takunkumi, sauran suna kallo ta waya. Aka shimfiɗa leda, aka yi tsibi tsibi, kowanne da tsoka da ƙashi da hanta da ɗan kayan ciki, Maman Hanif tana ba da umarni daga bayan labule. A watanda, don kada a ce an yi son kai, mutum ɗaya ne ke juya baya ya fuskanci bango, wani ya nuna tsibi ya ce na wa, shi kuma ya kira suna bai ga abin da aka nuna ba. Malam Sabi'u ya dubi Yaya ya ce, "Injiniya, kai ne babba a nan. Juya mana baya."

Yaya ya fuskanci bango, hannuwa a baya. Ni nake nunawa.

"Na wa?"

"Na Malam Sabi'u."

"Na wa?"

"Na Rifkatu."

Haka muka yi ta yi, 'yan waya suna ihu duk wanda aka kira. Na iso kan wani tsibi da ko makaho ya san ƙashi ya fi yawa a cikinsa. Na nuna, ina addu'a a raina kada ya kira ni.

"Na wa?"

"Nawa."

Baranda ta ɗauki dariya. Amir ya ce a ƙara masa tsoka, Yaya ya ce ko kusa, abin da ya faɗo masa ke nan, ba mai taɓa masa. Ya ƙulle ledarsa da kansa yana washe baki ta cikin takunkumi.

Muka ɗaure akwati a babur muka shiga gari. A wani shingen 'yan sanda aka tsayar da mu. Ɗan sandan ya buɗe akwatin, ya dubi nama, ya dubi baƙaƙen fuskoki biyu da zufa ta jiƙa, ya ce, "Boleh, boleh," wato mu wuce, har da yi mana barka da Sallah. Yaya ne ya amsa masa da yarensu, ya fi ni iyawa. A ƙofar gidan su Rifkatu ta sauko ta karɓi ledarta tana cewa, "Kai, Malam Nasiru, mun gode, Allah ya saka."

"Kada ki gode masa," in ji Yaya. "Naki ne. Ɗan aike ne kawai."

Na ce ko ɗan aike ai ana ba shi ruwa. Ta koma ta kawo mana lemo mai sanyi.

La'asar sakaliya muka dawo gida a gajiye. Na ajiye ledata a kicin, ya ajiye tasa. Muka tsaya muna kallon tukunyarmu guda ɗaya tilo. Ya kwance tasa ledar ya juye a ciki, ya kwance tawa ya juye a kai, ya ce in yanka albasa.

Na ce, "Yaya, don Allah dubi. Duk wannan rigimar, kwana da kwanaki ba ka kula ni, ga shi a tukunya ɗaya ya ƙare."

"Tukunya ɗaya," in ji shi, yana barbaɗa gishiri. "Amma yau da nawa a ciki."

Mun ci nama ranar har muka kasa miƙewa, a faranti ɗaya, a ƙasan falo. Hantar da na yi masa alkawari tun farko na tura gabansa, ya ɗauka ya cinye. Na kwanta cikina kamar ganga, na manta ko agogo ban saita ba.

Da asuba na ji tafin hannu a ƙofata, da ƙarfin da har kibiyar silin ta yi rawa.

"Ustaz! Tashi, an kira. Wannan kam gwamnati ba za ta yi maka ba."